Yadda Ake Gyara Da Kula Da Injin Yankan Ciyawa Mai Haidirolik A Gida

Daga watan Yuni zuwa Satumba, mai kwangilar yankan ciyawa a Bauchi ko Gombe ba ya samun sukuni. Filin ƙwallo, harabar makaranta, otal-otal, manyan gidajen G.R.A., ko'ina kiri-kiri da tofa sun tashi, wurin da aka yanke ran Asabar kafin wata Asabar ya sake rufe idon sawu. A daidai wannan lokacin ne kuma babban injin nan da ake hawa, mai sanduna biyu a madadin sitiyari, yake fara kuka, ko ya riƙa karkata gefe guda, ko ya kasa hawa ɗan tudun da ya saba hawa. Nan da nan sai ka ji an ce famfo ya mutu. Sau da yawa famfon yana nan lafiya lau. Datti ne, ko zafi, ko iska da ta shiga cikin mai, ko kuma man da bai dace ba, kuma duk waɗannan mutum yana iya maganinsu a ƙarƙashin inuwar gidansa muddin ya bi a hankali, ya fara da mai araha kafin ya taɓa mai tsada.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin kujerarka

Injin fetur ɗin da ke baya, ko Kawasaki ne ko Kohler ko Briggs & Stratton, ba shi yake juya tayoyi kai tsaye ba. Bel yake ja, bel ɗin ya juya famfo biyu, ɗaya na tayar dama, ɗaya na tayar hagu. Kowane famfo yana tura mai da ƙarfi zuwa moton da ke juya tayarsa. Sandar da ka tura gaba ita ke faɗa wa famfon yawan man da zai tura da kuma inda zai tura shi. Tuƙin kamar tura baro ne: hannun da ya fi turawa shi ke juya kan. Shi ya sa kowane ɓangare ke da ciwonsa daban, kuma wannan zai taimake ka wajen gano matsala nan gaba.

Leƙa ƙarƙashin kujera ka ga irin naka. Wasu suna da famfo daban, moto daban, da tiyo masu kauri a tsakaninsu, da tankin mai guda da filta guda. Wasu kuma famfo da moto suna haɗe cikin akwatin alminiyom ɗaya a jikin kowace taya, da fanka a samansa, irin na kamfanin Hydro-Gear masu lamba ZT-2800, ZT-3100 ko ZT-3400. Waɗannan kowane akwati yana da filtarsa a ƙasa. Akwai kuma ƙanana na gida da aka rufe su ruf daga masana'anta, babu filta a waje, ba a yi su don juye ba. Idan naka irin wannan ne, kula da tsabta da bel da fanka kawai.

Yawancin injinan nan na hannu ne, sun zo ba tare da littafinsu ba. Nemi ɗan allon da ke manne a jikin ƙarfen injin, da wanda ke jikin akwatin haidirolik, da na injin fetur ɗin, ka ɗauki hotonsu da waya. Da waɗannan lambobin za ka samo littafin a intanet, su Toro, Exmark, Scag, Husqvarna da John Deere duk suna saka nasu. Duk inda littafin injinka ya saɓa da adadin da na bayar a nan, bi littafin.

Kayan aiki da kiyaye kai

Za ka buƙaci jak, guntayen katako masu kauri, sifanoni, filaya, sukudireba, abin kwance filta, bindigar giris, gejin iskar taya, mazurari sabo, kwano mai faɗi na tarar mai, tsummoki masu tsabta da ba sa zubar da zare, tocila, da kwali. Injinan Amurka notinansu na inci ne, 1/2 da 9/16 da 5/8 da makamantansu. Sifanar milimita takan kama su sama-sama, sai ta cinye kan notin, aikin minti biyar ya koma na yini. Sayi saitin inci tun farko.

Kafin ka sa hannu, ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri, zai fi kyau a kan siminti da aka share aka yayyafa masa ruwa don ƙura ta kwanta. Kashe makunnin wuƙaƙe, ja birki, cire mabuɗi ka sa a aljihu, ka zare wayoyin fulogi. Nauyin irin wannan inji yakan kai kilo 400 zuwa 600 ko fiye, don haka kada ka shiga ƙarƙashinsa yana kan jak kaɗai. Tokare shi da katako. Kada ka yi amfani da bulon siminti, yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. A kore yara daga wurin.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe da kyau. Man da ke cikin tiyo yana ƙarƙashin matsi mai tsanani. Idan akwai ƙaramar huda, man yana fita siriri, da ƙyar ido ke ganinsa, kuma yana iya huda fata ya shige cikin nama. Wurin zai yi kama da cizon ƙwaro, ba wani zafi sosai da farko, amma man yana kashe nama a ciki, mutum na iya rasa yatsa ko hannu. Saboda haka ba a neman yoyo da hannu. Kwali ake bi da shi kusa da tiyon, inda ya jiƙe nan ne hudar. Idan tsautsayi ya faɗa, a tafi babban asibiti a take, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, a gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga da matsi. Aikin tiyata ne cikin awoyi kaɗan, ba na kemis ba.

Mataki na farko: tsabta

Kafin a kwance komai, a share. Busasshiyar ciyawa da ƙasa sukan taru a kan akwatunan haidirolik su cike ramukan da aka yi musu don fitar da zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, ko ma a ranar damina mai rana, akwatin da ya lulluɓe da datti yana dafa mansa. Man ya tsinke, injin ya rasa ƙarfi bayan rabin awa na aiki, a ce famfo ne.

Yi amfani da buroshi da iska. Idan ba ka da abin hura iska, kai injin wurin mai faci ya hure maka shi. Kada ka kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, musamman yana da zafi, domin ruwan yana kutsawa cikin boris da sil da haɗin wayoyi. Duba fankar kowane akwati. Ta roba ce, tsinke ko dutse yakan karya mata fiffike ɗaya ko biyu. Fanka mai karyayyen fiffike a sauya ta, ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da take karewa. Duba kuma ko leda ko igiya ta nannaɗe a gindin taya, don ita ke cin sil ɗin wurin har mai ya fara tsatstsafowa.

Mataki na biyu: karanta man

Duba mai da safe, injin yana sanyi. A masu ƙaramin tankin roba akwai layi da aka rubuta FULL COLD, man ya tsaya a nan, kada ya wuce, domin sauran wurin an bar shi ne don man ya kumbura idan ya yi zafi. Goge kewayen murfin tas kafin ka buɗe. Ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa ciki tana iya karce fuskar da fistin ɗin famfo ke gogawa, kuma karcen ba ya gyaruwa da kansa.

Ɗiga man a kan farar takarda ka duba. Idan garau yake, launin ruwan zuma, lafiya. Idan ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Idan yana kumfa, iska ce, ko dai man ya yi ƙasa ko wani haɗi ya saki a ɓangaren da famfo ke zuƙa. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya ci shi. Idan kuwa ka haska tocila ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, to ciki ya fara cin kansa, juye zai iya jinkirta abin amma ba zai warkar da shi ba.

Wane mai za ka saya? Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Idan ka shiga shago ka ce a ba ka man haidirolik, mai shago zai iya miƙo maka man birki, ko jan man giyar mota mai tuƙa kanta, ko man tifa da katafila. Akwatunan Hydro-Gear da na ambata baƙin mai na mota suke sha, 20W-50, wasu kamfanonin kuma 15W-50 suke so ko nasu man na musamman. Man birki kuwa guba ne a wurin, yana kumbura robobin sil ya lalata su. Faɗi lambar kai tsaye: "Alhaji, 20W-50 nake so, galan a rufe." Kada ka sayi na awo da ake zubawa daga duro a bakin hanya, kuma kada ka gauraya iri biyu.

Mataki na uku: juye da sauya filta

Ga irin ZT-2800 zuwa ZT-3400, kamfanin ya ce a yi juyen farko tsakanin awa 75 da 100, daga nan duk awa 400. Wannan lissafin an yi shi ne ba tare da la'akari da ƙurar hunturunmu ba. A ganina, mai aiki kullum a damina ya yi juye sau ɗaya duk shekara kafin ruwa ya sauka, ko agogon awa ya kai ko bai kai ba. Wanda ya sayi na hannu kuwa ya yi juye tun ranar farko, tunda bai san tarihin man da ke ciki ba.

Tayar da injin na 'yan mintuna don man ya ɗan ɗumama, sannan ka kashe. Ɗaga bayansa ka tokare. Cire tayoyin baya idan suna tare maka hanya. A ƙasan kowane akwati akwai murfin da ke kare filta, da ƙananan kusoshi uku. Kwance su, ka goge kewayen filtar har sai tsumma ya daina ɗaukar datti. Sa kwano a ƙasa, ka kwance filtar, man zai zubo ta nan. Bar shi ya tsiyaye sosai, kada ka yi gaggawa.

Sabuwar filta sai ta kasance mai lambar da littafi ya faɗa. Filtar baƙin man mota tana iya ɗauruwa a wurin daram, zarenta ya hau, amma cikinta daban ne, kuma masu ƙera injinan sun gargaɗi mutane a kan haka a fili. Araha ba ta ado. Idan ba a samu a Bauchi ko Gombe ba, a aika Kano ko Jos ko Legas da lambar, a sayi biyu-biyu a ajiye. Shafa sabon mai a robar bakin filtar da yatsa, ka ɗaura da hannu har robar ta taɓa jikin akwatin, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye zuwa zagaye ɗaya. Da hannu, ba da sifana ba. Mayar da murfin kariya.

A saman kowane akwati, ta gefe, akwai wani ɗan noti mai toshe rami. Cire shi kafin ka fara zuba mai, ta nan iska za ta fita. Zuba man ta ƙaramin tankin a hankali da mazurari mai tsabta. Yana sauka a sannu, wani lokaci sai ka ɗauka ya toshe, haƙuri ake yi. Da zarar man ya leƙo a bakin ramin nan, mayar da notin ka ɗaure, ka yi haka a ɗaya ɓangaren, sannan ka ci gaba da zubawa har layin tanki. Kowane akwati yana shan kusan lita 2, don haka tanadi lita 5.

Ga mai famfo da moto daban, aikin ya fi sauƙi: a tsiyaye tanki, a sauya filta guda, a cika zuwa alamar da ke ciki. Sai dai man da ke cikin tiyo da moto ba ya fita duka, don haka idan tsohon man ya ɓaci da ruwa, a sake juye bayan 'yan awoyin aiki.

Tsohon mai a zuba shi a jarka a rufe. Kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.

Mataki na huɗu: fitar da iska

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke sa mutum ya gama juye ya hau inji ya ga ya fi da lalacewa. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Muddin akwai iska a ciki, famfo zai riƙa kuka, taya ta riƙa fizga, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru.

Bar tayoyin baya a sama, ba sa taɓa ƙasa. Kowane ɓangare yana da bawul ɗin saki, wanda ake buɗewa idan za a tura injin da hannu. A wasu ɗan ƙarfe ne da ake ja a maƙale, a wasu noti ne a jikin famfo da ake sassautawa. Buɗe duka biyun. Mayar da wayoyin fulogi, wani babba ya zauna a kujera, ya tayar da inji a ƙaramin totur, ya saki birki. Sai ya tura sandunan gaba a hankali har ƙarshe, ya dawo da su baya har ƙarshe, sau 5 ko 6. Tayoyin ba za su juya ba a wannan karon, haka ake so. Kai kuma kana gefe, nesa da bel da fanka, kana kallon tanki. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, man yana sauka.

Kashe inji, ƙara mai zuwa layi, rufe bawul ɗin biyu. Sake tayarwa, a sake tura sandunan gaba da baya sau 5 ko 6. Yanzu tayoyin za su juya, da farko da ɗan fizga da ƙara, daga baya su daidaita. Kashe, duba mai, maimaita har sai kukan ya ɗauke kuma tayoyin suna juyawa sumul gaba da baya. Sauke injin, ka zagaya tsakar gida a hankali na minti biyar, ka bar shi ya huce, ka sake duba mai. Washegari da safe ma ka duba.

Tunda an ambaci bawul ɗin saki: an yi shi ne don tura inji da hannu 'yan taku kaɗan. Kada a ɗaura masa igiya a ja shi da mota ko babur mai ƙafa uku, moton taya zai lalace. Kuma idan wata rana inji ya tashi lafiya amma ya ƙi motsawa sam, fara duba ko wani yaron aiki ya tura shi jiya ya manta bai rufe bawul ba.

Idan yana karkata, ko ya rasa ƙarfi

Inji mai jan gefe guda, fara da iskar taya. Tayoyin baya ba sa son iska da yawa, galibi tsakanin 12 da 15 a gejin mai faci, kuma dole biyun su zama daidai. Bambanci kaɗan ya isa ya sa inji karkata, ya kuma sa yanka ya fito gefe ɗaya ya fi gajarta. Masu faci sun saba da tayar mota, idan ba ka tsaya a kansu ba za su ɗura mata 30. Ƙayar tsidau da ta aduwa suna yawan sa tayoyin nan sacewa a hankali, don haka geji ya zauna a aljihun mai tuƙi.

Idan iska daidai take, je ga bel ɗin famfo. Kashe inji, haska tocila. Bel da ya tsattsage, ko gefensa ya yi sheƙi, ko mai ya jiƙa shi, zamewa yake yi idan aka zo tudu. Duba sifirin ɗin da ke jan fulin da ke ɗame shi, ko ya saki ko ya karye, ka juya fulin da hannu ka ji ko boris ɗinsa yana gurnani. Ɗauki hoton yadda bel ɗin ya bi kafin ka cire. Idan za ka sayi sabo, tafi da lamba ko tsohon, faɗinsa da tsawonsa su zo daidai. Fambel ɗin mota ko na injin niƙa yakan yi aiki na ɗan lokaci, amma ba a yi shi don lanƙwasa ta baya a kan fuli ba, ba ya daɗewa.

Bayan taya da bel da mai, sai sandunan. Kowace sanda tana haɗe da famfonta ta wani siririn ƙarfe mai zare da noti. Idan ka saki sanduna a tsakiya amma inji yana rarrafe, ɗaga bayansa, wani ya zauna, ka sassauta notin kulle na ɓangaren da tayarsa ke juyawa, ka juya ƙarfen kaɗan-kaɗan har tayar ta tsaya cik, ka kulle. Idan kuma a cikakken gudu ne yake karkata, akwai noti ko ɗan maɓalli da ke tsayar da sanda a gaba. Rage gudun ɓangaren da ya fi sauri har su daidaita. Rabin zagaye a lokaci guda, sai gwaji.

To idan duk an bi waɗannan, kuma har yanzu ɓangare ɗaya yana ja da safe amma da ya yi zafi sai ya mutu, ga kuma ƙyallin ƙarfe a mai, nan ne za a ce famfo ko moto ya cinye. A nan aikin gida ya ƙare. Buɗe famfo yana son ɗaki marar ƙura da kayan awo da kayan gyara na asali, wanda ya buɗe shi a kan tabarma a tsakar gida yakan ƙara masa ciwo. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Cire akwatin gaba ɗaya, toshe duk ramukansa, ka kai wa masu gyaran haidirolik na tarakta da katafila, ko ka nemi wani ka ɗaura. Idan mai famfo da moto daban ne kuma ɗaya ya farfashe a ciki, sai an wanke tanki da tiyo duka, in ba haka ba ɓurɓushin da ya rage zai kashe sabon.

Tiyo mai yoyo

Tiyon da ya kumbura, ko ya tsage, ko wayar cikinsa ta fito, ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a naɗe shi da salatif, ba a kai bakinsa wurin mai walda. Sauyawa ake yi. Kashe inji, motsa sanduna gaba da baya don matsi ya sauka, goge haɗin, ka kwance da sifana biyu, ɗaya tana riƙe ɗaya tana juyawa. Toshe bakin da ya buɗe da leda mai tsabta da roba nan take. Kai tsohon tiyon wurin masu matse tiyon manyan motoci su yi maka irinsa, ka tabbata adadin matsin da aka rubuta a jikin sabon bai gaza na tsohon ba. Kafin ka ɗaura, a hure cikinsa, domin yankan tiyo yana barin garin roba da ƙarfe. Sauya 'yar robar zoben da ke bakin haɗin, ka bi da tiyon ta inda ba zai goga ƙarfe ko ya kusanci salansa ba. Bayan nan sai cika mai da fitar da iska kamar yadda aka bayyana.

Injin fetur da wuƙaƙe

Juyen baƙin man inji duk awa 100 ne a yawancin littattafai, filtarsa duk awa 200, kuma yana shan kusan lita 2. Abin da ya fi kashe inji a ƙasarmu filtar iska ce. Duba ta kullum idan ana yanka busasshen wuri. Ta takarda ce, a bubbuga ta a hankali a tafin hannu, ba a wanke ta da fetur, kuma iskar mai faci mai ƙarfi tana huda ta. Idan irin mai biyu ce, ta waje da ta ciki, ba a taɓa ta cikin sai ranar sauya ta. Share ragar da ke saman inji inda yake shaƙar iskar sanyaya kansa. Fetur kuwa a saya a gidan mai, na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa da datti ya toshe kafireta.

Wuƙaƙe a cire su a wasa kusan duk awa 25. Tokare wuƙar da katako, sa safar hannu, ka kwance. Bi asalin kwanciyar bakinta, kusan digiri 30, da magagari ko garanda, ba tare da barin ƙarfen ya yi shuɗi don zafi ba. Ba sai ta yi kaifin aska ba. Rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya: gefen da ya rinjaya a ƙara rage shi, domin wuƙa marar daidaito tana girgiza har ta kashe boris. Ƙasarmu mai yashi ce, yashin yana cin wuƙa a daidai inda bayanta ya lanƙwashe sama. Idan wurin ya yi siriri ko ya fara tsagewa, jefar da ita, guntun yana iya ɓallewa ya tashi da gudu. Wadda ta lanƙwashe bayan ta bugi dutse ko suri ba a miƙe ta da guduma, ba a yi mata walda. Wajen mayarwa, lanƙwasar ta kalli sama.

Kankare ciyawar da ta daskare a cikin kwanon wuƙaƙe. A shimfiɗaɗɗen siminti, auna tsayin bakin wuƙa daga ƙasa a dama da hagu su zo ɗaya, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Sa giris a duk bakin giris da ka gani, tayoyin gaba da gindin wuƙaƙe da hannun fuli, bayan ka goge bakin. Makunnin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe inji idan mutum ya tashi, idan ya lalace a sauya shi. Masu gyara suna son haɗe wayoyinsa su wuce, kada ka yarda. Kuma gaya wa mai tuƙi ya zagaya fili da ƙafa ya tsince duwatsu da waya kafin ya fara, ya guji gangaren da ya wuce digiri 15 da bakin kwalbati.

Ajiyar rani

Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba aiki ya ja baya, share injin tas, yi juyen baƙin mai, sa giris. Rufe famfon fetur ka bar inji yana aiki har ya mutu da kansa don kafireta ta bushe, sannan ka tsiyaye tanki, domin fetur da ya kwana watanni yana zama danƙo. Cire batir ka ajiye a inuwa, ka yi masa caji duk wata, cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a mita. Ajiye injin a rumfa a kan siminti ko katako, ka rufe shi da tamfol saboda ƙurar hunturu. Toshe bakin salansa da mashigar iska da tsumma, don zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a irin waɗannan ramuka, ɓera kuma yana sheƙa a ƙarƙashin murfin inji ya ci wayoyi. Ɗaura wani jan ƙyalle a sanda don ka tuna akwai tsumma a ciki.

A watan Mayu, kafin yankan farko, cire tsummokin, buɗe murfin saman inji ka duba sheƙar ɓera, leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗigon mai a siminti da kuma ɓangaren da ya fito, gwada iskar taya, duba layin tankin haidirolik, sannan ka zuba sabon fetur. Bar shi ya yi minti biyar a silo, ka tuƙa shi gaba da baya ba tare da kunna wuƙaƙe ba, ka rubuta adadin da agogon awa ya nuna da kwanan wata a jikin sabuwar filta da alƙalamin maka.